Karnen Awo da Haƙorin Mai Ciki: Waiwaye daga Damargu

Kwanan baya ina gyaran akwati sai na ci karo da karnen awon ƙanwata na cikinta na uku. Nauyinta yana ciki, da awon jini, da allurar rigakafi, da ƙwayoyin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Daga wata na shida zuwa na takwas nauyin ya tsaya cak. Takardar ba ta faɗi dalili ba, amma ni na sani. Haƙori ne ya yi rami, kumatunta ya kumbura, har tuwo ya gagare ta, sai kunu da fura. Tsofaffin gidanmu suka ce ba a taɓa haƙorin mai ciki sai ta sauka. A wurin awo kuma ba wanda ya ce mata "buɗe bakinki", ita ma kunya ta hana ta faɗa.

Wannan karne ya sa na waiwayi yadda aka yi har lafiyar mai ciki ta shiga takarda a ƙasarmu.

A zamanin da ayarin raƙuma ke ratsa Damargu daga Agadas zuwa Damagaram da Kano, ciki aikin ungozoma ne, haƙori kuma na wanzami da mai saiwa. Tsabtar baki tana hannun asuwaki, kuma addini ya ƙarfafa shi. Amma ilimin yana cikin kai ne, idan tsohuwa ta rasu ta tafi da lissafinta.

Rubutu ya zo ne tare da gidan likita. Bayan taron Bamako na 1987 aka shiga tsarin biyan kuɗin magani, mata da yawa suka riƙa zama gida. A farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, a 2006 kuma gwamnati ta ce awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A 2011 Belbeji ta fita daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Daga baya ma'aikatar kiwon lafiya ta koma tattara rahotannin wata-wata a kwamfuta da manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita. Yau adadin matan da suka zo awo a wani ƙauyen Damargu yana iya isa Yamai ba tare da an ɗora takarda a mota ba.

Ci gaba ne babba. Sai dai mu malaman makaranta mun san halin rajista: abin da aka yi wa gurbi shi ake cikawa, shi kuma sufeto yake tambaya. Abin da ba shi da gurbi, ko yana cin rai, a lissafi babu shi.

Su ma ƙasashen da suka yi nisa ba da wuri suka farga ba. A 1996 ne wani likitan haƙori a Amurka, Steven Offenbacher, ya nuna alaƙa tsakanin ciwon dasashi da haihuwar bakwaini. Bayan shekara 10 wani babban gwaji ya gano cewa wanke dasashin mai ciki bai rage haihuwar bakwaini ba, amma bai cutar da uwa ko ɗa ba. Wato maganar "sai ta sauka" ba ta da tushe. A 2013 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ba da shawarar a duba bakin mace tun zuwanta awo na farko. Ciki yana sa dasashi kumbura da zubar jini, aman laulayi kuma yana cinye bayan haƙori, sannan ƙwayoyin cutar da ke bakin uwa suna iya wucewa ga jariri.

Mu a jihar Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani kan haɗarin ciwon baki ba. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles take jinyar yara masu cutar noma a Zinder, cutar da ke farawa daga dasashi ta cinye kumatu, wadda sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Shekaru nawa ke nan yara suna wahala kafin sunanta ya samu gurbi?

Idan ana son a san ingancin kula da haƙorin mai ciki a wurinmu, tambaya uku sun isa a fara: cikin matan da suka zo awo, nawa aka duba bakinsu? Nawa aka tura gaba? Nawa suka isa aka yi musu aiki? Ta uku ita ce mai nauyi, domin daga Tanut zuwa Zinder kusan kilomita 150 ne, kuma kuɗin mota yana hannun maigida. Kwamfuta za ta iya haɗa jimilla, amma sai ma'aikaciyar awo ta haska fitila ta duba tukuna.

Kafin a kai can, akwai namu aikin. Maigida, idan iyalinka ta daina tauna, tambaye ta, ka raka ta, ka faɗi da bakinka abin da take jin nauyin faɗa. Uwa, ki koya wa ɗiyarki kurkure baki da ruwa bayan amai, da yin asuwaki safe da dare. Malam, idan kana darasin tsabta ka tuna 'yan matan ajinka su ne masu riƙe karne nan da 'yan shekaru, ka koya musu cewa ciwon haƙori abin faɗa ne.

Ƙanwata ta sauka lafiya, alhamdulillahi, amma haƙora biyu aka cire mata bayan arba'in. Karnen yana nan na adana, kuma ko layi ɗaya babu a kansu.