LLVM

LLVM tarin manhajoji ne na kyauta da ake gina kwamfaila da su, wato manhajar da ke mayar da rubutun mai shirya manhaja zuwa umarnin da injin kwamfuta ke aiwatarwa. Chris Lattner da Vikram Adve ne suka fara aikin a shekarar 2000 a Jami'ar Illinois da ke Amurka, aka fitar da shi a 2003.

Sashensa na ƙarshe shi ke zaɓar umarnin da ya dace da kowace na'ura, ya tsara jerinsu, ya raba wa bayanai 'yan rajistoci, wato ƙananan ma'ajiyan da ke cikin injin. Masu koyon wannan sashe sukan fara da TableGen, harshen da ake siffanta na'urori irin su x86 da ARM da RISC-V da shi. Harsunan shirya manhaja na Rust da Swift sun dogara da LLVM.