Suna da Adadi: Daga Rajistar Jangali Zuwa Manhajar Kwamfuta

Akwai wani aiki da masu rubuta manhajar kwamfuta ke yi kullum: a ɗauko jeri biyu a gwama su bibbiyu, na farkon wannan da na farkon wancan, har a kai ƙarshe. Harshen Lisp, wanda John McCarthy ya ƙirƙira a Amurka a 1958, shi ma yana da irin wannan gwami. Sai dai ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo ta san aikin tun kafin zuwan na'ura, ta kuma san abin da kuskure a cikinsa ke jawowa.

A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zaman ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, mai karɓar zakka yana riƙe da jadawalin fiƙihu wanda ya ɗaura wa kowane adadi hakkinsa: shanu 30 ɗan maraƙi, tumaki 40 tunkiya ɗaya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, gwamin ya koma takarda. Malamin haraji kan jera sunayen masu garke a gefe guda, yawan shanunsu a ɗaya gefen, sannan kuɗin jangali ya biyo baya. Layi ɗaya ya goce, sai mai shanu goma ya ɗauki nauyin mai ɗari.

Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya zama hakiminta a 1934, wato mai amsa tambaya a kan irin wannan rajista. A 1943, yana Gusau da sarautar Sardauna, aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Mutuncin mutumin da ya zama Firimiyan Jihar Arewa ya taɓa ratayuwa a kan tambaya guda: wa ya biya, nawa ya biya?

Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, ta zo da nata jerin: manomi da gonarsa ta noman rani. Irin wannan lissafi ne ake damƙa wa kwamfuta a yau. A harshen Python, umarnin zip, wanda ya shigo a 2000, shi ke gwama jeri da jeri; amma idan ɗaya ya fi tsawo, sai ya watsar da rarar ba tare da ya ce uffan ba. Sai a 2021 aka ƙara masa zaɓin da ke tsayar da aiki idan tsawon ya saɓa. Idan jerin manoma ne da gonaki, rarar nan magidanta ce. Malamin haraji ana iya tare shi a ƙofar hakimi. Wanda manhaja ta zubar da sunansa kuwa sai ranar rabo zai sani.