Kan sarkin Birtaniya: daga kwabo ɗaya zuwa fam 1.70

Kafin shekarar 1840, a Birtaniya yawanci wanda aka aiko wa wasiƙa ne ke biyan kuɗinta, gwargwadon nisan tafiya da yawan takardu. Talaka kan ga wasiƙar ɗansa a hannun masinja, ya mayar da ita don ba shi da abin biya. Rowland Hill ne ya kawo shawarar mai aikawa ya riƙa biya tun farko, farashi guda ko ina wasiƙar za ta je a cikin ƙasar. Ranar 6 ga Mayu, 1840 aka fara aiki da baƙin kan sarki na kwabo ɗaya, mai ɗauke da hoton Sarauniya Biktoriya. Kwabon nan ya ci gaba da kai wasiƙa har zuwa 1918, shekara 78 ke nan.

A 1968 gidan waya ya raba wasiƙu gida biyu: aji na farko mai sauri a kan kwabo 5, na biyu a kan kwabo 4. Da farashi ya fara hawa, sai mai tsohon kan sarki ya riƙa neman ƙananan ciko yana jerawa a jikin ambulan. A 1989 aka fito da wanda ba a rubuta kuɗi a kansa ba, sai aji kawai. Wanda ya saya yau ya ajiye, ko bayan shekara goma zai kai masa wasiƙa ba tare da ƙari ba. Mutane suka riƙe wannan a matsayin alkawari, har wasu kan sayi da yawa idan an ji ƙishin-ƙishin ƙarin kuɗi.

Ƙarin kuwa ya zo. Aji na farko ya tashi daga sabon kwabo 85 a 2021 zuwa fam 1.10 a Afrilun 2023, ya kai fam 1.70 a Afrilun 2025. Hujjar kamfanin Royal Mail, mai kai wasiƙun ƙasar, ita ce wasiƙu sun ragu ƙwarai saboda intanet, gidajen da ake kai wa kuwa ƙaruwa suke. Hukumar Ofcom mai sa ido kan kamfanin ta ƙayyade farashin aji na biyu, ta bar na farko a sake.

Abin da ya fi taɓa masu ajiya shi ne sabon kan sarkin 2022, mai lambar da na'ura ke karantawa don maganin jabu. Bayan 31 ga Yuli, 2023, na yau da kullum marasa lambar suka daina aiki, sai na Kirsimeti da na tunawa da bukukuwa aka bari. An buɗe hanyar musanya kyauta, wannan gaskiya ne. To amma dattijuwar da ta saya da kuɗinta ta adana a aljihun tebur, me ya sa sai ta cike takarda ta aika ta jira kafin ta ci moriyar abin da ta riga ta biya? A ganina kamfanin bai kyauta mata ba.

A Amurka kuwa, kan sarkin dindindin da aka sayar senti 41 a 2007 har yau yana kai wasiƙar aji na farko, duk da farashin ya kai senti 78 a Yulin 2025.