Mister Johnson: Littafin Joyce Cary da Fim Ɗinsa

Mister Johnson ƙagaggen labari ne da Joyce Cary ya wallafa a 1939. Cary, haifaffen Ailan, ya shiga aikin mulkin mallaka a Najeriya a 1913, ya ji rauni a yaƙin Kamaru, daga baya ya riƙe ƙasar Borgu a matsayin Di'o.

Labarin ya faru ne a Fada, wani ƙagaggen gari a Arewa. Johnson matashin akawu ne daga Kudu, mai son waƙa da biki da kayan Turawa, kullum bashi ya yi masa katutu. Shi ya nuna wa maigidansa Rudbeck dabarar karkatar da kuɗin baitulmali don a gama hanyar mota. Da asiri ya tonu, akawu aka kora. Ƙarshe ya kashe Gollup, Baturen kanti, aka yanke masa hukuncin rataya, sai ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa, Rudbeck kuwa ya harbe shi.

Raini a wannan littafi bai zo da zagi ba, cikin rigar ƙauna ya zo. Cary yana son Johnson, amma irin son da ake yi wa yaro: babu iyaye, babu asali, babu tunanin gobe, yana gode wa mai kashe shi. Mutanen gari kuwa, da sarki da waziri da talakawa, an zana su jahilai ko maciya amana. Duk da haka a 1952 mujallar Time ta ɗora littafin sama da duk wani labari da aka rubuta kan Afirka. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka koya wa littafin suka ƙi yarda. Cikinsu akwai Chinua Achebe, wanda ya ce wannan ɓacin rai na daga abin da ya sa shi rubuta Things Fall Apart (1958).

A 1990 Bruce Beresford ya mayar da Mister Johnson fim, William Boyd ya tsara labarin, aka ɗauka a Najeriya. Pierce Brosnan ya fito a Rudbeck, Maynard Eziashi a Johnson, har Eziashi ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinan Berlin na 1991. Eziashi ya ba Johnson wayo da mutuncin da Cary ya hana shi, fim ɗin kuma ya fito da muguntar Gollup ƙarara. Amma harbin nan na ƙarshe an bar shi yadda yake, an nuna shi a matsayin alfarmar da maigida ya yi wa yaronsa.