Tarihin Saɓanin Ra'ayi a Kan Littattafan Soyayya na Hausa

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bibiyi tarihin saɓanin da ya auku tsakanin masana da marubuta da masu karatu dangane da ƙagaggun labaran soyayya na Hausa. Yin haka ya zama wajibi kafin a shiga nazarin ra'ayoyin makaranta a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin kuwa littattafan da ake karantawa a wannan yanki, da ma gardamar da ke biye da su, mafi yawansu daga Kano suka fito. Manufar babin ita ce ya nuna cewa tushen saɓanin ya wuce batun kyan rubutu ko muninsa; ya shafi tambayar wane ne ke da ikon yanke wa littafi hukunci, kuma wane aiki ake so littafi ya yi.

2.1 Soyayya Kafin Adabin Kasuwar Kano

Jigon soyayya ba baƙo ba ne a rubutaccen zuben Hausa. A cikin littattafan farko da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya ƙunshi labarin yadda wani attajiri ya raba Abubakar da masoyiyarsa Zainab da ƙarfin dukiya. Haka kuma a 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda dukkansu suka tsaya a kan soyayya da aure. Abin lura a nan shi ne, waɗannan littattafai ba su jawo wata babbar gardama ba, saboda sun bi ta hannun alƙalan gasa da editoci kafin su isa ga jama'a.

2.2 Ɓullowar Sababbin Marubuta

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko, shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karatun boko da Hausa. Na biyu, taɓarɓarewar tattalin arziki da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sun durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai aka sami masu karatu da yawa, amma babu abin karantawa. Wannan giɓi ne matasan marubuta suka cike, inda suka riƙa kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna sayarwa a kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A farkon shekarun 1990 kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya game ƙasar Hausa. Waɗannan marubuta biyu suna cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama ta Kano.

Da yake littattafan ƙanana ne masu araha, sai suka bi hanyoyin fatauci zuwa garuruwa masu nisa. Ƙauran Namoda, wadda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau tun 1929, da Shinkafi mai babbar kasuwa, sun daɗe da hulɗar ciniki da Kano. Bugu da ƙari, al'adar ba da hayar littafi da ta aro tsakanin ƙawaye ta sa kwafi ɗaya kan ratsa gidaje da dama a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

2.3 Muhawarar Masana

Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ne ya buɗe fagen suka a jaridar Nasiha a 1991. A 1994 ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Turanci da aka taɓa yayi a kasuwar Onica. A ganinsa, rubutun na gaggawa ne, ba ya kiyaye ƙa'idojin rubutu, yana kwaikwayon finafinan Indiya, kuma ya yi watsi da matsalolin talauci da mulki da ke damun al'umma. Marubutan, ciki har da Gidan Dabino, sun mayar da martani a wannan jarida. Daga baya muhawarar ta koma shafin adabi na jaridar New Nigerian ƙarƙashin Ibrahim Sheme, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero suka kare marubutan. Hujjarsu ita ce, waɗannan littattafai sun raya karatun Hausa a lokacin da hukuma ta janye hannunta, kuma sun ba mata damar faɗin albarkacin bakinsu.

2.4 Iyaye da Malamai da Masu Karatu

Sukar iyaye da malaman addini ta bambanta da ta masana, domin su tarbiyya ce damuwarsu. Misali, an zargi In Da So Da Ƙauna da koya wa 'yan mata bijirewa iyaye, saboda tauraruwarsa Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren wanda ba ta so. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, sauran jihohi suka biyo baya. A Kano an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, wadda daga baya ta faɗaɗa aikinta zuwa ga littattafai, kuma a 2007 aka ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Su kuwa masu karatu, waɗanda galibinsu 'yan mata ne da matan aure, ma'auninsu daban ne. Abin da ke jan hankalinsu shi ne ganin rayuwarsu a rubuce. Mai karanta Alhaki Kuykuyo Ne tana ganin halin Rabi, wadda mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya. Mai karanta Wa Zai Auri Jahila? kuma tana ganin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Ke nan, abin da masani ya kira labarin soyayya, ita mai karatu ta ɗauke shi bayani a kan auren dole da kishi da saki.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kowane ɓangare da mudun da yake awo da shi: masani da salo, malami da tarbiyya, mai karatu da dacewar labari da rayuwarta. Har ila yau, hukuncin masana kansa bai tsaya wuri ɗaya ba, domin littattafan da aka raina a 1991 sun zama abin nazari a jami'o'i, har Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya a 2012. Da waɗannan ma'aunai uku ne babi na gaba zai duba ra'ayoyin makaranta a arewacin Zamfara.