Allurar rigakafin sanƙarau: daga MenAfriVac zuwa Men5CV

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, ta fi ƙamari daga lokacin hunturu zuwa bazara, kuma takan lafa idan damina ta sauka. Nijar na tsakiyar yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya haɗa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha.

Ƙwayar cutar iri-iri ce, ana bambanta su da haruffa. Wadda ake kira A ce ta daɗe tana haddasa manyan annoba. A 1996 da 1997 mutane sama da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Allurar da ake da ita a lokacin ba ta daɗewa a jiki, kuma ba ta kare jarirai sosai.

A 2001, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da ƙungiyar PATH suka soma aikin samar da sabuwar allura mai araha. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa ta da sunan MenAfriVac, kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba. A Disamban 2010 aka ƙaddamar da gangamin yin ta a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Cikin ƴan shekaru, nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin.

Sai dai allurar nau'i ɗaya kawai take karewa. A 2015 nau'in C ya ɓarke a Nijar, musamman a Yamai da jihar Dosso, ya kama mutane fiye da 8,000, sama da 500 suka rasu. A 2023 OMS ta amince da Men5CV, wadda ke kariya daga nau'o'i biyar: A, C, W, X da Y. Najeriya ce ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar.

Don haka, wanda aka yi wa allurar 2010 bai tsira daga sauran nau'o'in ba. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya alamu ne da ke buƙatar a kai majinyaci likita nan take, domin cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya.