Injin gashi ne ya zaɓa mana irin tiyatar

Yaran da muka bar wa ɗakin tiyata, in suka buɗe tsofaffin fayilolinmu sai su kama girgiza kai, wai mun cika cire mama ga masu ciwon daji. Sun haddace binciken Veronesi na Milan, 1981, sun haddace na Fisher, 1985: a cire ƙullutun kawai, a bi da gashi (radiotherapy), mace ta rayu daidai da wadda aka cire wa gaba ɗaya. Mu ma mun karanta, ko da mujallar ta iso a makare ta gidan waya. Wurin da suke tsallakewa shi ne "a bi da gashi". Da wane injin? Lokacin da na fara aiki, mace daga Arewa sai ta dangana da Legas, daga baya Ibadan, kafin Zariya ta samu nata. Wadda ta sayar da akuya ta zo asibiti, ina ita ina makonni a Legas?

Kuma ba da ƙullutu suke zuwa ba. Sai wanzami ya yi sakiya, an shafa wannan an sha wancan, gyambo ya fashe, kaluluwa ta cika hammata, sannan a kawo ta a lulluɓe da zane biyu saboda wari.

Malamina, Allah ya jiƙansa, a Ingila ya koyo aikin Patey, wanda tun 1948 yake barin babbar tsokar ƙirji, alhali wasu manyanmu suna nan kan tsarin Halsted, a kwashe har haƙarƙari su bayyana. Amma abin da na fi tunawa da shi ɗiban fata ne. In ciwon ya ci wuri har ɗinki ya gagara, sai ya ce a miƙo wuƙar Humby. Ni ke danne cinyar da ɗan katako, ya shafa mai, ya ɗaga wuƙar ga fitila ya duba ratar da idonsa, ya shafto fata siririya kamar ɓawon albasa, ya shimfiɗa a ƙirji. "Ba warkewa muka yi mata alkawari ba," yake cewa, "so muke ta zauna cikin 'ya'yanta ba a toshe hanci." Yau kemo kan rage ƙarin kafin wuƙa, don haka da wuya ka ga matashin da hannunsa ya faɗa da wannan ɗiban fata.

Abin dariya, a Amurka, inda aka yi matsaya a 1990 cewa a bar wa mace mamanta, bayan shekara 2000 sai ga mata suna neman a cire musu duka biyun, har da lafiyayyen. Angelina Jolie ta yi nata a 2013 saboda gadon ƙwayar halittar BRCA1.

Gab da ritayata wani ƙanena a aiki ya yi wa wata 'yar ƙauye aikin barin mama, kyakkyawa kuwa, ya ba ta takardar gashi. Injin ya lalace, layi ya yi tsawo, guzuri ya ƙare, ta koma gida. Da ciwon ya dawo, ni aka kira na cire sauran.